Zoɓon Azumi da Hawan Jinin Babanku

Arlit, a cikin watan Sha'aban

Zuwa ga autana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Agadas lafiya, ƙashin bayanka bai rabu biyu ba a kan hanyar nan tamu da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Allah ya tsare ka a zaune da tsaye, ya haɗa ka da abokan kirki da uban gida mai tausayi, ya sa kamiyon nan, babbar motar kaya da za a ba ka, ya zama hanyar abincinka.

Na san a ƙasan jaka ka tsince ta, kusa da ƙullin kilishi. Kada ka yi mamaki. Da da baki na ce zan faɗa maka, da ka yi abin da ka saba, ka sunkuyar da kai kana "to Inna, to Inna," idonka a kan waya. Ita takarda ba a ce mata to a wuce. Kuma ba a banza na yi zaman makarantar yaƙi da jahilci ba, da furfurata, yaran unguwa suna leƙe ta taga suna dariya. Labarin gida ba zan ba ka ba, yanzu ka baro shi, akuyar ma ba ta haihu ba tukuna.

Abu biyu suka sa na ɗauki biro. Na ɗaya, a watannin baya na lura kanumfarina yana ƙarewa. Kwalbar da nake ajiye shi don zoɓo ta fara yin ƙasa ba tare da na yi zoɓon ba, kai kuma in ka shigo gida da magariba bakinka yana ƙamshi kamar shagon mai kayan yaji. Laminu, ni ka ɗauka baƙuwa ce a wannan wasa? Shekaru na yi ina sayen kanumfari wani yana tauna shi a bakin ƙofa kafin ya yi sallama. Na san abin da ake rufewa da shi.

Na biyu, maganar da ka yi mini ina haɗa maka kaya. Ka ce, "Inna, ki ƙulla mini busasshen zoɓon nan naki da yawa. Na auna jini a parmasi an ce tansiyona ya ɗan hau, kuma ba a ba mutum kamiyo sai ya wuce bizit ɗin likita." Ka faɗa kana murmushi, ni kuwa sai na zauna a kan buhun gero. Na tsorata, auta, ba zan ɓoye maka ba. Kana ƙarami lokacin da abin babanku ya faru, abin da ka sani kawai shi ne ya faɗi, hannunsa na dama ya mutu. Sai kuma labarin unguwa, wai zoɓon Hajo yana sauke jini. Yau zan ba ka sauran.

Yanzu haka yana gefena a kan tabarma. Ya ce, "Hajo, me kike ta rubutawa tun hantsi?" Na ce, "Asirinka nake tonawa." Ya ce, "To ki tona da kyau. Amma ki sa cewa duk cikin direbobin bas babu wanda ya kai ni iya ja da baya." Ga shi na sa. Ka ga dai da izininsa nake magana.

Da muka zo garin nan daga Damagaram, babanku ruwa da shayi kawai ya sani. Ya samu tuƙin bas ɗin ma'aikata, ya kai su bakin ramin haƙar ma'adini, ya kwaso waɗanda suka tashi. Ka san zafin Arlit, ba sai na kwatanta maka ba. Mutum ya sauko daga mota rigarsa ta manne da bayansa, ga abokan aiki daga ko'ina, babu wanda ya san kakanka balle ya kai ƙararka gida. Wani ya miƙo kwalba mai sanyi tana gumi, ya ce ɗaya dai. Babanku bai taɓa yin maye ya kwanta a kwata ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai bar mu da yunwa ba. Biyu ko uku yake sha bayan aiki, ya tauna kanumfarina, ya shigo da fara'arsa. Wannan natsuwar tasa ce ta ruɗe ni, na ce ai mai shan giya shi ne mai tangaɗi.

Ga wautata ta farko, kuma ita ce uwar sauran. Na ɗauka giya zancen malamai ce, hawan jini kuma zancen likita. Giya na ajiye ta a wajen zunubi, na ce tsakaninsa da Ubangijinsa, ina yi masa addu'ar shiriya in yi shiru. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa a jiki ɗaya suke haɗuwa. Saboda haka da ya fara kukan ciwon ƙeya, ya je aka auna shi a parmasi aka ce jini ya hau, sai na ɗaura ɗamarar yaƙi da gishiri. Na cire gishiri a miya, na cire magi, na rage mai, na hana shi kilishi. Gidan nan sai da kowa ya rame, yayyenka suka koma cin tuwo a maƙwabta. Shi kuwa yana cin miyar lami da haƙuri, ya wanke hannu, ya fita wajen abokansa. Rage gishirin ba laifi ba ne, har yau muna yi. Amma kai in za ka duba jikinka, ka duba da duk abin da kake zuba masa, har wanda kake jin kunyar faɗa.

Ana haka azumi ya zo. Ka san yadda masu sha suke yi a garin nan. Tun Sha'aban ya raba sai su ɗauke ƙafa, wai kada azumi ya same su da abin a jiki. Su yi aski, su fito da farar riga, sahun gaba a masallaci har a rasa wurin tsofaffi. Babanku ma haka. Ni kuma kullum buɗa-baki ina dama masa zoɓo, da citta da kanumfari, sukari kaɗan, ya kwana a firigo. Sai bizit ta faɗo a tsakiyar azumin, awon lafiyar nan da kamfani ke yi wa direbobi sau ɗaya a shekara, a wata ɗaya na Nasara da ba ya canzawa. Ya tafi yana zullumi, don in jini ya hau sauke mutum ake yi daga mota. Ya dawo yana washe baki tun daga bakin lungu. "Hajo, lafiya lau! An ce jinina kamar na saurayi!"

Na ce, "To me ya canza?" Na duba hagu na duba dama, ban ga komai ba sai zoɓona.

Wayyo, Laminu, da ka ga uwarka a shekarun nan! Kai ya kumbura. Na faɗa wa maƙwabciya, ta faɗa wa wata, kafin Sallah sunana ya koma Hajo mai zoɓon tansiyo. Matan ma'aikata suna zuwa da bido, wato jarka, tun daga unguwar Akokan, 'yan kabu-kabu suna tsayawa su sha a tsaye. Ina yi wa mutane bayani kamar na yi karatun likita, in ce a sha da safe kafin a ci komai, kada a waiwaya. Kada a waiwayan nan ni na ƙara don abin ya yi kwarjini. Shekara ta zagayo, bizit ta sake faɗowa cikin azumi, babanku ya sake wucewa. Ta gaba ma haka. Wa zai gaya mini magana?

Mutum ɗaya ce ta gaya mini, Mariyama 'yar Tawa, wadda katanga ta raba mu. Mijinta mai shago ne, ko warin giya bai sani ba, amma yana da hawan jini na gado. Ta leƙo ta ce, "Hajo, zoɓonki bai yi ma maigidana komi ba. Ya sha hat ya gaji, tansiyonai na nan inda yake." Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na hau ta da faɗa. Na ce sukari take ƙarawa, na ce mijinta waiwaye yake yi. Muka yi wata guda ba ma gaisawa. Matar nan gaskiya ta kawo mini har gida, na kore ta don ta taɓa mini suna. Auta, duk ran da wani ya ce maka abin da kake taƙama da shi ba ya aiki, ka ji haushi in kana so, ni ma na ji. Amma in haushin ya sauka ka koma ka tambaye shi me ya gani.

Abin da ban lissafa ba shi ne azumi tafiya yake yi. Kowace shekara yana matsowa gaba, ita kuwa bizit tana nan inda aka kafa ta. Wata shekara sai azumi ya zo ya wuce, aka yi Sallah, fararen riguna suka koma akwati, sahun gaba ya koma hannun tsofaffi, babanku ya koma wajen abokansa. Sai bayan nan bizit ta zo. Ban damu ba ko kaɗan. Na dafa zoɓo tukunya guda, ina ɗura masa safe da yamma har harshensa ya yi ja. Ya tafi ina ce masa ya gaishe mini da majo, malamin asibitin da ke auna su.

Ya dawo bai yi sallama da ƙarfi ba. Jini ya hau sosai, har ya kai sha takwas a ma'auninsu. Aka sauke shi daga bas, aka mai da shi garaji yana duba tayoyi, aka ce ya koma da iyalinsa a yi musu bayanin magani. Muka je tare. Majon da ke duba su mutumin Gugaram ne, dogo, mai sanyin magana, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a wajensa. Ya tambayi babanku, "Kana shan taba?" Ya ce a'a. "Giya fa?" Babanku ya dafa ƙirji ya ce, "Subhanallahi, ni?" Majo ya juyo ya dube ni. Ni kuma na dubi silin. Na ce a raina matar kirki ba ta tona mijinta a gaban baƙo. Rufin asirin nan da na yi shi ya fi komai cin raina har yau, don da na buɗe baki a ranar, da wataƙila da hannu biyu yake cin tuwo yanzu. Kai dai ka riƙe wannan: ɗakin likita ba wurin kare mutunci ba ne. Ba limami ba ne, ba surukinka ba ne, ba zai bi ka gida da bulala ba. In ya tambaye ka nawa kake sha, ka faɗi gaskiyar adadin, kada ka raba biyu.

Aka ba shi ƙwayoyi aka ce kullum. Mu kuwa muka yi musu namu tsarin, ni da shi. In ƙeya ta yi ciwo ya sha, in ta lafa a ajiye, kada jiki ya saba da maganin Nasara. Ni ce ma mai cewa, "Yau ai garau kake, bar shi." Ban san hawan jini ba ya aiko da manzo ba. Mutum yana dariya, yana cin abinci, yana jin kansa daidai, abin yana can yana aikinsa.

Wata Lahadi da safe yana zaune inda yake zaune yanzu, yana shan shayi yana ba ni labarin wani direba. Sai kofin ya suɓuce. Ya ce wani abu ban gane ba, na duba na ga bakinsa ya karkace. Wallahi na ɗauka kwaikwayon direban yake yi, har na yi dariya. Da na ga abin ba wasa ba ne sai na ruɗe, na kwaso garwashi zan yi masa hayaƙi. Mariyama ce ta jiyo ihuna ta faɗo gidan ko mayafi babu. Ta ce, "Hajo, mi kike yi? Wanga ba aikin iskoki ba na! Ku kai shi likita yanzu!" Ita ta tare mota, ita ta kama ƙafafunsa. Matar da na ce tana ƙara sukari. In ka taɓa ganin bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, kada ka tsaya neman komai, ka nemi mota. Kuma kullum ina gode wa Allah da ya sa abin ya same shi a kan tabarma, ba a kan tuƙi da mutane cike da bas ba. Kai kamiyo za a ba ka, ka yi tunanin wannan.

Da ya fara samun sauƙi, magana ta soma dawowa, majo ya zo ya zauna a bakin gadon. Ya ce mini, "Hajiya, abu ɗaya ya dame ni. Mutumin nan shekara da shekaru jininsa lafiya a bizit. Kai ka faɗa mini, me yake yi a lokacin da ba ya yi yanzu?"

Ka san uwarka. Na gyara zama, na gyara ɗaurin kallabi, na ce, "Zoɓona ne, majo. Bana ne dai ban san abin da ya faru ba, ko zoɓon ne ba na Damagaram ba."

Sai muka ji wani sauti daga gadon. Na zaci shaƙewa ya yi. Ashe dariya yake yi da rabin baki, har hawaye. Ya ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Hajo, bar zancen zoɓon nan. A azumi ba na sha."

Na juya na dube shi. Na ce, "Kana nufin ka sani?" Ya ce, "Na yi zato. Amma kina jin daɗi, ni ma ina jin daɗi." Laminu, da ba a kwance yake ba da na ɗauki tukunyar zoɓon na kife masa a ka. Shekaru ina yawo da sunan da ba nawa ba, ashe watan azumi ne ke aikin, ni ina karɓar godiya.

Majo bai yi faɗa ba, dariya ma ya taya shi. Sannan ya yi mana bayani yadda ko ni na gane. Ya ce, "Giya in ya shiga jiki, da farko jijiya ya saki, mutum ya ji ya huta. Kashegari jijiya ya matse, zuciya ya yi ta bugu da ƙarfi. Yau haka, gobe haka, sai jini ya zauna a sama. Ba sai mutum ya yi maye ba. In ya bari, bayan makonni jini ya fara sauka. In ya koma, jini ma ya koma. Kuma magani ba ya aiki sosai in giya yana ja ta wancan gefe." Na ce, "To zoɓona fa?" don ban haƙura ba. Ya ce, "Zoɓo yana da daɗi, yana iya taimako kaɗan in babu sukari. Amma kai kana kwashe ruwa da ludayi, shi yana zubawa da bokiti."

Tun daga ranar babanku bai sake sha ba. Yana shan ƙwayarsa kullum, ni ce mai tsaron lokaci, kuma ka san ba a tsallake ni. Jininsa ya zauna. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe har ya fi da surutu, hannun ne dai ya ƙi. Da safe in bas ya wuce ta bakin titi direban yana danna masa oda, shi kuma ya ɗaga hagu. Yana yi da fara'a, amma ni da nake kusa ina ganin yadda yake bin motar da ido har ta sha kwana.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Na tambayi yayanka ranar da aka sa maka bizit, na ƙirga da watanmu, na ga a tsakiyar azumi za ta faɗo. Na kuma lura tun shigowar Sha'aban kanumfarina ya daina raguwa, ka fito da farar riga. Ka ga ke nan za ka wuce. Za a ce jininka kamar na jariri, a miƙa maka makullin kamiyo, ka kira ni kana murna ka ce zoɓo ya yi aiki. Wannan wucewar ita nake tsoro, ta fi faɗuwa ba ni tsoro, don ita ta cinye mana shekarun da za mu yi gyara.

Ba wa'azi zan yi maka ba, ka san hukuncinta tun kana allo, kuma malaman Agadas sun fi ni baki. Ni jinin da ke jikinka nake magana, wanda rabinsa na mutumin nan ne mai hannu ɗaya. Kana da ƙuruciya ya riga ya fara hawa. Can ma za ka tarar da zafi, da kaɗaici, da masu miƙo kwalba su ce ɗaya dai. Yawancin abin ƙishi ne da son zama cikin mutane. Ka ajiye ruwan sanyi a mota, ka nemi majalisar masu shayi, su ma suna da ƙarya mai daɗi. In an matsa maka ka ce likita ya hana. In ba su ji ba ka ce uwarka mafaɗaciya ce kuma tana da hanci, duk Arlit za su ba da shaida. In kuma ka ga barin yana ba ka wuya, hannu yana rawa, barci ya ƙi, kada ka yi ta fama kai kaɗai, ka je likita ka faɗa, akwai taimakon da suke yi.

Zoɓon da ka roƙa na sa maka, ka sha don daɗinsa. A ƙarƙashinsa, cikin tsohon zanena, akwai na'urar awon jinin babanku. Shi ya ce a ba ka, wai mu parmasi ba ta yi mana nisa ba, kuma tafiyar za ta motsa masa ƙafa. Ka riƙa aunawa a ranakun banza, ba ranar da ka shirya ba. In ya hau ka kai kanka, in an ba ka ƙwaya ka sha kullum, ko kana jin kanka kamar doki.

Allah ya kai mu azumi lafiya, ya karɓa mana. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya tsare gabanka da bayanka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka da hannayenka duka biyu. Mariyama tana gaishe ka, ta ce ka kawo mata cuku.

Babanku ya ce in ba shi biron. Na ce ya faɗa in rubuta, ya ƙi. Ya daɗe yana fama da shi da hagu, takardar tana zamewa ina danne masa. Layin da ke ƙasa nasa ne, a karkace yake, ban gyara masa ko harafi ɗaya ba.

Mahaifiyarka,
Hajara

Laminu, bayan Sallah kada ka koma.